Kyamarar DSLR ta Farko: Tambayoyin da Masu Sha'awar Hoto a Kebbi Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matasa da manya a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Zuru da Yawuri, waɗanda hoton waya ya daina isar su, suna son su sayi kyamarar da ake canza wa lens. Ba mu sa farashi ba, saboda kuɗin kyamara yana bin canjin dala.

1. Mece ce DSLR, kuma da me ta bambanta da kyamarar waya?

A cikinta akwai ɗan madubi a kishingiɗe bayan lens. Hasken da ya shigo yana dukan madubin ya hau sama zuwa tagar da kake sa ido, saboda haka abin da kake gani shi ne ainihin abin da lens yake gani, ba hoton sikirin ba. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, labulen da masu sana'a suke kira shota ya buɗe ya rufe, hasken ya sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke mayar da haske hoto. Ƙarar "ƙas" da kake ji daga nan take fitowa.

Abu biyu ne suka raba ta da waya. Sensarta babba ce: ta ƙananan Canon milimita 22.3 ce da 14.9, ta ƙananan Nikon kusan 23.5 da 15.6, alhali ta yawancin wayoyi ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Na biyu, lens ɗinta ana cire shi a sa wani, gwargwadon aikin da ke gabanka.

2. Wayata tana fitar da hoto mai kyau. Lallai ne sai na sayi kyamara?

Idan hotonka na rana ne, a kusa, kuma a waya za a kalle shi, ba lallai ba ne. Inda waya take gazawa sananne ne: doki a guje, masunta a tsakiyar kogi kai kana bakin gaɓa, zauren biki da ƙwan lantarki ɗaya, da hoton da za a wanke babba a rataye. Amma ka sani, a makonnin farko hotunanka na kyamara za su iya kasa na waya kyau, domin waya tana gyara hoto da kanta, ita kuwa kyamara kai take jira. Wanda ba ya da niyyar koyon saitin da ke tambaya ta 16, gara ya ƙara kuɗi ya sayi waya mai kyau.

3. An ce an daina yayin DSLR, yanzu marar madubi ake yi. Ba asara zan yi ba?

Gaskiya ne kamfanoni sun juya. A 2018 Canon ta fito da tsarin RF, Nikon ta fito da tsarin Z, dukansu marasa madubi, kuma manyan DSLR ɗinsu na ƙarshe, irin su Canon 1D X Mark III da Nikon D6, na 2020 ne. Sai dai wannan juyin alheri ne ga mai farawa da ƙaramin jari. Masu hoto a Turai da Amurka suna ta sayar da tsofaffin kayansu, kasuwar na hannu ta cika, lens da batir da caja sun wadata.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: batir. Kyamarar da ake leƙawa ta madubi ba ta cin wuta sosai. Nikon D3500 an auna ta a kan hoto 1,550 a caji ɗaya, Canon 250D a kan 1,070, yawancin ƙananan marasa madubi kuwa ɗaruruwa kaɗan ne. Ga wanda zai kwana biyu a ƙauye ba wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka koma marar madubi nan gaba, lens ɗinka ba su mutu ba: Canon tana da mahaɗin EF-EOS R, Nikon tana da FTZ.

4. Canon ko Nikon?

A kyawun hoto ba za ka rarrabe su da ido ba. Shiga situdiyo uku ko huɗu a garinku ka ga abin da suke riƙewa, ka bi su. Dalili shi ne aron lens, samun batir ranar da naka ya mutu ana tsakiyar biki, samun wanda zai nuna maka inda wani saiti ya ɓuya, da samun mai saye idan ka tashi sayarwa. Pentax tana yin kyamara mai ƙarko, amma kayanta suna da wuyar samu a nan, ba mu ba mai farawa shawararta.

Bayan haka ka riƙe kowacce a hannu. Wanda yake da manyan yatsu yakan ji ƙaramar kyamara irin 250D ta matse shi. Ka tuna kuma ba kyamara kaɗai kake zaɓa ba: lens ɗin Canon ba ya hawa Nikon, duk abin da za ka saya nan gaba zai bi zaɓin yau.

5. Megafiksel nawa ya isa?

Megafiksel ɗaya fiksel miliyan ɗaya ne, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto. Daga 16 zuwa 24 ya isa har ya yi yawa. Hoto mai inci 8 da 12, idan za a wanke shi da kyau sosai, fiksel 2,400 da 3,600 yake bukata, wato ƙasa da megafiksel 9. Kyamara mai 18 tana ba da 5,184 da 3,456, mai 24 tana ba da 6,000 da 4,000. Amfanin mai yawa kawai shi ne idan za ka yanke gefen hoto ka matso da abin da ke nesa. Kada mai shago ya sa ka ƙara kuɗi saboda wannan lamba.

6. To wace ce zan nema da suna?

A ɓangaren Canon, masu sauƙin kuɗi da har yanzu suke aiki lafiya su ne 600D ta 2011 da 700D ta 2013, duka megafiksel 18 da sikirin mai juyawa. Sama da su akwai 750D, 800D da 250D, masu 24. Idan kaya daga Amurka ya zo, sunan zai canza: 600D ita ce Rebel T3i, 700D ita ce T5i, 750D T6i, 800D T7i, 250D SL3, 2000D kuma T7. Ka kula, T7 da T7i ba ɗaya ba ne, T7i ta fi ta nesa ba kusa ba. A ɓangaren Nikon akwai D3200, D3300 da D3500, sai D5300 da D5600 masu sikirin mai juyawa da wuraren fokas 39 maimakon 11.

Ra'ayinmu shi ne, tsohuwar matsakaiciya mai tsafta ta fi sabuwar ta ƙasa. Canon 70D ko 80D, Nikon D7100 ko D7200, suna da babban batir, tagar leƙe mai haske, ƙafafun juyawa biyu da za ka canza saiti ba tare da shiga menu ba, kuma an fi toshe musu kafofin da ƙura take bi. D7100 da D7200 ma memori biyu suke ɗauka, hoto ya sauka a duka biyun, wanda kariya ce ga mai ɗaukar bikin mutane.

Akwai waɗanda muke cewa a yi tunani kafin a saya. Canon 2000D da 4000D, da Nikon D3400 da D3500, ba su da na'urar da ke girgiza sensa ta kakkaɓe ƙura, kuma ba su da ramin makirfo. A ƙasar da ake hunturu wata uku, rashin na farkon yana nunawa (duba tambaya ta 15), na biyun kuma ya shafi mai bidiyo (tambaya ta 17).

7. Ana ta maganar ful firem. In jira in tara kuɗinta?

Ful firem ita ce mai sensa milimita 36 da 24, irin Canon 6D da 5D, ko Nikon D610 da D750. Ta fi kyau a duhu, ta fi narkar da bayan mutum. Amma lens ɗinta sun fi tsada da nauyi, kuma 5D ɗin da ake samu da araha yawanci ta sha wahalar biki shekara da shekaru. Ƙaramar sensa tana da nata amfanin: tana matso da nesa, ninki 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon. Kada ka jira. Fara da ƙaramar, ka sa rarar kuɗin a lens.

8. Sabuwa ko ta hannu, kuma a ina?

Sabuwa tana da garanti, amma ka tambaya ko garantin yana aiki a Najeriya ko na shago ne kawai, kuma a rubuta a rasit. Mafi yawan masu farawa ta hannu suke saye. Manyan wuraren da kaya suke fitowa su ne Computer Village a Ikeja, Banex Plaza a Abuja, da Beirut Road a Kano. Wata hanyar ita ce mai situdiyo na gari da zai canza kyamara: ka san shi, ka san inda za ka same shi, sai dai kayansa sun fi shan aiki.

Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ka gani a Facebook ko WhatsApp a kan zai sa maka a mota. Idan ba za ka iya zuwa ba, wakilta wanda ya san kyamara ya yi gwajin da ke tambaya ta 9. A rubuta lambar jikin kyamara da ta lens a rasit, ka kwatanta ta da wadda ke ƙasan kyamarar. Wadda aka kankare lambarta, bar ta komai arahar ta. Ka nemi a ba ka kwana uku zuwa bakwai na gwaji.

9. Me zan duba kafin in biya?

Je da memorinka, da waya ko kwamfutar da za ka buɗe hoto babba, kuma da rana. Fara da jiki: kusurwoyi ko sun taɓa bugu, ƙofar batir da ta memori ko suna rufewa da kyau, robar riƙo ko ta kumbura, sukurori ko kansu ya cinye, alamar an taɓa buɗe ta. Leƙa ramin batir. Fari ko kore-kore a kan ƙarafan alamar ruwa ne. Juya kowace ƙafa, danna kowane maɓalli, ɗaga filash ɗin kanta ka harba.

Sai sensa. Sa kyamara a Av ko A (duba tambaya ta 16), kai lambar f, wato ta ƙofar haske, zuwa 22, ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a 100, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Buɗe hoton ka zagaya shi. Ɗigo-ɗigo masu duhu ƙura ce, tana gogewa. Dogon layi siriri zai iya zama ƙarzuwa, wannan ba ya gyaruwa da araha. Bayan nan rufe lens da murfinsa, kashe fokas na kai-tsaye, ɗauki hoton daƙiƙa biyu: baƙi ya kamata ya fito, ɗigon ja ko shuɗi ɗaya biyu ba komai, layi mai launi daga sama zuwa ƙasa matsala ce. Gwada shota a 1/4000, 1/200 da daƙiƙa ɗaya, ka danne maɓalli ta yi harbi a jere. Idan Canon ta nuna Err 30, shota ce. Err 01 kuwa rashin jituwa ne tsakanin lens da jiki, wani lokaci goge ƙarafan zinariyar nan da busasshen ƙyalle yana warware shi, in bai warware ba kada ka saya.

Shi kuma lens, cire shi ka haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo-hazo kuma yana kashe kaifin hoto, duka biyun a bar su. Juya zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. A ƙarshe ɗauki fuskar mutum, ka sa fokas a idonsa, ka buɗe hoton: in kunne ko hanci ne ya fito garau ido bai fito ba, kuma haka ya maimaita sau biyar, fokas ɗin ya kauce.

10. Yaya ake sanin yawan hoton da kyamara ta ɗauka?

Shota tana da iyakar rayuwa. Ƙananan kyamarori an ƙiyasta musu ɗauka kimanin 100,000, irin su D7100 da 5D Mark III kuma 150,000. Ba wai tana mutuwa daidai nan ba ne, wata ta wuce, wata ba ta kai ba. A Nikon lissafin yana ɓoye cikin kowane hoto: ɗauki sabo, kada ka gyara shi, ka buɗe da manhajar ExifTool ko ɗaya daga shafukan intanet da ke karanta shi. A yawancin Canon sai an haɗa kyamara da kwamfuta ta wayar USB da manhajar da ke karantawa. Lambar da ke sunan hoto ba hujja ba ce, tana komawa farko bayan 9,999 kuma ana iya sake ta. Ƙasa da 30,000 ya yi kyau. Sama da 80,000 a ƙaramar kyamara, a rage kuɗi sosai.

11. Wane lens zan fara da shi?

Wanda yake zuwa da kyamara, 18-55mm, ya isa koyo: 18 don taro da gini da fadama, 55 don mutum ɗaya. Duba ko an rubuta IS a na Canon ko VR a na Nikon, wato mai rage rawar hannu, domin akwai waɗanda ba su da shi kuma kamanninsu ɗaya. Rauninsa shi ne duhu: a 55mm ƙofar haskensa f/5.6 ce.

Lens na biyu shi ne yake canza hoton mutum, kuma shi ne mafi arha cikin masu kyau: Canon EF 50mm f/1.8 STM, ko Nikon AF-S 50mm f/1.8G. A f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, bayan mutum ya narke, fuska ta fito. Amma a ƙaramar sensa 50 tana zama kamar 80 a Canon, 75 a Nikon, saboda haka a ɗakin amarya za ka ja baya har ka jingina da bango ba ka ɗauki mutum uku ba. Don cikin ɗaki, Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G ko Canon EF-S 24mm f/2.8 STM sun fi dacewa. Mai niyyar ɗaukar suna da biki ya nemi 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron ya maye gurbin 18-55 ɗin.

12. Na sayi lens ya hau, amma ba ya fokas da kansa. Me ya faru?

Wannan ya fi samun masu Nikon. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jiki, sai lens mai injinsa, wato mai rubutun AF-S ko AF-P. Tsohon 50mm f/1.8D zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka juya shi. A jerin D7000 ne yake aiki da kansa. Su kuma AF-P sababbi ne, ba sa aiki da D3100, D3200, D5100 da D7000. A Canon abin da sauƙi: ƙaramar sensa tana karɓar EF mai jan ɗigo da EF-S mai farin murabba'i, ful firem kuwa EF kaɗai. Lens mai rubutun RF ko EF-M ba na DSLR ba ne. Kafin komai dai, duba ɗan makunnin da ke gefen lens ko yana kan MF, wato fokas da hannu.

13. Ina son hawan sallah da kamun kifin Argungu. Me nake bukata?

Lens mai jawo nesa. Canon EF-S 55-250mm IS STM ko Nikon AF-P DX 70-300mm VR. A ƙaramar sensa ƙarshensu yana kama da 400 da 450. Ana yawan haɗa wa mutane Canon 75-300mm III a matsayin kyauta: ba shi da IS, kuma a 300 hotonsa ba kaifi, 55-250 ya fi shi.

Don doki a sukuwa, sa Tv a Canon ko S a Nikon, inda kai kake zaɓar saurin shota, a 1/1000, fokas mai bin motsi, wato AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon, da harbi a jere. A Matan Fada, inda ake kamun kifin, lokacin da masunta suka ruga cikin ruwa da homa da gora, abin ba ya jiran kowa, ga ƙura ga turmutsitsi ga feshin ruwa. Ɗaura lens ɗaya tun daga masauki kada ka canza shi a wurin, rataya igiyar a wuya, ka samu wuri mai tudu da rana a bayanka. Farin riga da ruwa mai ƙyalli suna ruɗin ma'aunin haske. Duba tambaya ta 16.

14. Bayan kyamara, me kuma zan saya?

Kada jiki ya cinye fiye da rabin kuɗinka. Batir na biyu dole ne, kuma ka san lambarsa: LP-E8 na 600D da 700D, LP-E17 na 750D, 800D da 250D, LP-E10 na 2000D, LP-E6 na 70D da 80D, EN-EL14 na ƙananan Nikon, EN-EL15 na jerin D7000. Waɗannan kyamarorin ba sa caji ta USB, amma akwai ƙaramar caja mai ɗaukar batir biyu da ake jonawa da fawa bank, ita ce maganin rashin wuta. Ka guji jona caja a janareta lokacin da ake tayar da shi. Batir ɗin da ya kumbura har yake cijewa a rami, a yar da shi.

Memori biyu masu giga 32 sun fi ɗaya mai 64, don in ɗaya ya lalace ba komai ya tafi ba. Giga 32 yana ɗaukar kimanin hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, dubu ɗaya a kyamara mai megafiksel 24. Nemi mai alamar U3 ko V30 in za ka yi bidiyo. Jabun memori ya yi yawa: yana nuna 64 alhali cikinsa 8 ne, sai hotuna su riƙa ɓacewa bayan ya cika. Gwada sabo da manhajar H2testw, kuma a cikin kyamara ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba. Sai jaka mai zif, robar hura iska, da ƙyallen goge gilashi.

Filash na ɗorawa, irin na Godox ko Yongnuo, ya fi na kan kyamara domin ana juya kansa ya daki silin hasken ya sauko a hankali. Kafin ka saya, duba mazauninsa a kan kyamararka: 250D, 4000D da wasu 2000D ba su da babban ƙarfen tsakiya, kuma filash mai sauƙi ba ya harbawa a kansu. A gwada a shago. Kada saurin shota ya wuce 1/200 da filash na yau da kullum, in ba haka ba gefen hoto zai yi baƙi.

15. Yaya zan kare ta daga ƙura, zafi da damina?

Ƙura ta fi shiga lokacin canza lens. Kashe kyamara, shiga ɗaki ko mota, juya bakinta ƙasa, ka riga ka cire murfin sabon lens ɗin, ka gama cikin daƙiƙoƙi. Idan ɗigo ya bayyana a wuri ɗaya a kowane hoto, caja batir ya cika, zaɓi goge sensa da hannu a menu don madubi ya ɗaga, juya bakin ƙasa ka hura da robar iska sau biyar ko shida ba tare da bakin robar ya shiga ciki ba. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga ko gefen riga, kada ka taɓa madubi. In bai fita ba, kai wa mai gyara. Gilashin gaba ma a fara hure shi kafin a goge, domin ƙurar hunturu yashi ce, gogewa a kanta ƙarzawa ne.

Kamfanonin sun rubuta cewa kyamara tana aiki tsakanin digiri 0 da 40. A watan Afrilu Birnin Kebbi tana wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe ko but ɗin babur. Kada a bar ta a nan, kuma in ba ɗauka kake ba ka lulluɓe ta da farin ƙyalle. Da damina, musamman a Yawuri da garuruwan bakin kogi, abokin gaba shi ne fumfuna: kada kyamara ta yi makonni a rufe cikin jaka. Sa ta a robar abinci mai murfi da ƙunshin silika, ƙananan ƙwayoyin da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kana fito da ita tana shan iska.

16. Na saya. Da wane saiti zan fara, kuma me ya sa fuska take yin duhu in mutum ya sa fararen kaya?

Bar koren Auto, koma Av a Canon ko A a Nikon: kai ka zaɓi ƙofar haske, kyamara ta zaɓi saurin shota. Mutum ɗaya, f/2.8 zuwa f/4. Jama'a a layi biyu, f/5.6 zuwa f/8. ISO 100 a rana, 400 a inuwa, 1600 zuwa 3200 a ɗaki. Ka sa ido a kan saurin shota: ƙasa da 1/125 ga mutane, hoto zai fara yin dishi-dishi, in ya sauka, ƙara ISO. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya girgiza. Zaɓi wurin fokas ɗaya ka ɗora shi a ido.

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Idan farar babbar riga ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, rigar ta yi toka-toka, fuska ta nutse. Danna maɓallin +/- ka ƙara 0.7 zuwa 1. Sai dai da tsakar rana ƙarin zai iya ƙone shaddar, aikin ɗinkin ya ɓace. Maganin gaskiya shi ne ka matsar da mutum inuwar bango ko bishiya, fuskarsa tana kallon fili, ko ka ɗauka kafin ƙarfe tara na safe ko bayan la'asar. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a sikirin, kuma ka ɗauka da RAW tare da JPEG, domin RAW yana ba da damar dawo da fuska da riga a gyara. Canon tana ba da Digital Photo Professional kyauta, Nikon tana ba da NX Studio.

17. Za ta yi mini bidiyo?

Za ta yi, da sharaɗi. Kowane ɗauka yana tsayawa kafin minti 30, wasu ma da wuri, saboda haka ba ta dace da dogon wa'azi ko lacca ba sai da mai sake dannawa. Fokas mai bin mutum a bidiyo ya fi kyau a Canon masu Dual Pixel: 70D, 80D, 800D, 200D da 250D. Makirfon cikin kyamara yana kwasar iska da ƙarar lens, shi ya sa ramin makirfo yake da muhimmanci (tambaya ta 6). Wutar Najeriya mai zagaye 50 ce, kyamarar da ta zo daga Amurka kuwa tana kan tsarin bidiyonsu, NTSC. Mayar da ita tsarin PAL a menu, ka ɗauka a firem 25 da shota 1/50, in ba haka ba hasken ƙwai zai riƙa rawa a bidiyon.

18. Yaya zan tura hoto zuwa waya ba tare da ya lalace ba?

Masu Wi-Fi, irin su 750D, 2000D da 80D, suna aiki da manhajar Camera Connect. D3400 da D3500 Bluetooth kaɗai gare su, ta SnapBridge, kuma ƙaramin hoto suke turawa. Hanya mafi sauri ga kowace kyamara ita ce ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya. A WhatsApp, tura hoto a matsayin fayil idan za a wanke shi, domin turawa ta yau da kullum tana matse shi. Kada ka yi wa memori fomat sai hotunan sun zauna a wuri biyu.

19. Akwai abin da zan kiyaye idan na fita da ita?

Babbar kyamara tana jan ido fiye da waya. A kasuwa, ko ta Jega ko ta Kamba, yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga ta, ka nuna wa mutum hotonsa bayan ka ɗauka. A wajen biki, ɓangaren mata sai da yardar masu gida, kuma kada hoton matar aure ko yaro ya hau intanet ba da sanin iyalinsu ba. Kada ka nufi shingen jami'an tsaro, bariki ko ayarinsu da kyamara. A fada da wuraren hawa, tambayi dogarai inda aka yarda mai hoto ya tsaya. Idan za ka yi tafiya tsakanin garuruwa, sa ta a jakar da ba ta nuna abin da ke ciki, hoton rasit ɗin da lambobin jiki da na lens kuma suna cikin wayarka.